Rovimix Stay-C 35: bitamin C da ke jure wutar injin abincin kifi

Kifin salmon da ake kiwo cikin keji a gaɓar Norway, da kifayen da Girka da Turkiyya ke kiwo a Bahar Rum, duk matsalarsu ɗaya: jikinsu ba ya haɗa bitamin C, sai dai su samu a abinci. In ya yi ƙaranci, kolajin da ke riƙe ƙashi da fata ba ya ƙulluwa. Sai ka ga ɗan kifi ƙashin bayansa ya karkace kamar lauje, marfin gefen kansa ya gajarce, jini na tsattsafowa a gindin fiffike, rauni kuma ya ƙi warkewa. Masu kiwon tarwaɗa a Najeriya ma sun san abin, shi ne ciwon nan da ƙoƙon kan kifi ke tsagewa.

Bitamin C na yau da kullum yana da araha, amma ba shi da juriya. Injin da ke fitar da abinci mai yawo a kan ruwa yana aiki da tururi da zafin da ya haura digiri 100, a nan kaso mai yawa ke ƙonewa, ragowar kuma ta ci gaba da lalacewa a sito. Nan ne Stay-C 35, garin bitamin C na kamfanin dsm-firmenich, ya yi fice. An ɗaura wa bitamin ɗin sinadarin fosfet a daidai wurin da iska ke fara cin sa, ba ya kuncewa sai ya isa hanjin kifi. Ga mai sarrafa abinci da irin wannan inji, hakika ya ci kuɗinsa.

Sai dai lambar 35 ɗin nan tana yawan kayar da mutane. Ma'anarta, a kowane kilo ɗaya na garin, giram 350 ne bitamin C. Wanda yake son miligiram 200 a kowane kilon abinci, giram 571 zai zuba a tan ɗaya. In ya zuba giram 200, miligiram 70 kacal a kowane kilon abinci ya bai wa kifinsa. Kuma rabin kilo ba ya bazuwa cikin tan ɗaya haka kawai. A fara cuɗa shi da kilo 5 zuwa 10 na garin alkama, sannan a juye cikin babban haɗi. In ba haka ba, wani buhu ya samu da yawa, wani ko ƙyas.

Akwai inda ba ya taimakawa. A jiƙaƙƙen abinci mai ɗanyen kifi, sinadaran da ke cikin naman na iya kunce fosfet ɗin tun kafin a ciyar, don haka a kwaɓa a bayar nan take. In za a kai abinci ɗakin gwaji, a faɗa musu nau'in mai fosfet ne, domin gwajin bitamin C da aka saba ba ya gano shi sai an fara kunce shi.

Kada kuma a ɗora masa nauyin da ba nasa ba. Abincin kifin teku yana da mai sosai, in man ya fara lalacewa bitamin E ake nema. Masu ciyar da ɗanyen sardin kuwa bitamin B1 ke kuɓuce musu. Ƙashin bayan da ya riga ya karkace ba ya miƙewa ko an ninka awo, shi ya sa ake fara sa Stay-C 35 tun daga abincin 'ya'yan kifi.