Dashe a ƙwaƙwalwa ko hular lantarki ga wanda jikinsa ya shanye?

Tun da labarin Neuralink, kamfanin da ke ƙera na'urar haɗa ƙwaƙwalwa da kwamfuta, ya bazu, 'yan uwa a Aboabo da sauran unguwannin Kumasi, musamman masu jinyar waɗanda jikinsu ya shanye, suke ta tambayata wanne ya fi tsakanin na'urar da ake dasawa cikin ƙwaƙwalwa da hular da ke karanta saƙonninta daga waje.

Dashen ya fi kaifi nesa ba kusa ba. A Janairun 2024 Neuralink ya yi wa Noland Arbaugh, wani mutum da jikinsa ya shanye, dashen a Amurka, ya riƙa sarrafa kwamfuta da tunaninsa kawai. Sai dai tiyata ce ta huda ƙoƙon kai, wurin yana iya kamuwa da cuta, kuma bayan 'yan makonni wasu zaren na'urarsa suka zame daga mazauninsu. Har yanzu gwaji ake yi, ba a sayar da ita.

Hular ba ta buƙatar wuƙar likita kuma ta fi araha, amma ƙashin kai yana dusashe saƙon, shi ya sa aikinta ba shi da sauri, kuma kullum sai mai jinya ya ɗaura wa majinyaci ita.

A ganina, dashen ya dace da wanda gaɓoɓinsa huɗu suka daina aiki kuma ya samu shiga gwaji kusa da likitocinsa. Iyalin da ke gudun tiyata, masu haƙurin koyon amfani da na'ura, hular ce tasu.