Wace fitila za ka saya in sassaƙar ƙotar wuƙa ce sana'arka?

Na taɓa raba dare a rumfata a Marwa ina gyaran wata ƙotar ƙahon bijimi, ƙwai ɗaya rataye a saman kaina. A idona ta fito sumul. Gari na wayewa na fito da ita bakin ƙofa, sai ga gefen hagu ya fi na dama tudu, ga sawun magagari layi-layi daidai inda ƙota ta haɗu da ƙarfe. Raina ya ɓaci matuƙa, don ƙahon da ka zaftare ba ya komawa. Hasken da ke sauka daga sama yana cike kowane ɗan kwari, ba ya barin inuwa, alhali inuwa ce ke nuna wa mai sassaƙa inda hannunsa ya zarce.

Shi ya sa in kuɗinka na fitila ɗaya ne, sayi ta tebur mai wuyan da ake lanƙwasawa, ka sa mata ƙwan LED. Ka sauke ta ƙasa-ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga kan benci, ta hasko ƙotar daga gefe. Mai aiki da dama ya ajiye ta hagu don kada hannunsa ya tare ta. Kana juya ƙotar a hankali, kowane ƙarcen sanfefa zai miƙe da inuwarsa. A icen kanya ko ƙirya masu duhu, wannan kaɗai ke bambanta aikin da ya ƙare da wanda ka zaci ya ƙare.

Dogon ƙwan nan fari na da yana da amfaninsa, yana haska rumfa baki ɗaya. Amma ba na son sa kusa da injin wasa wuƙa. Wutar Kamaru da Cadi mai 50 Hz ce, wato tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, tsohon samfurin ƙwan kuma yana ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa ɗaya. Ido ba ya kamawa, sai dai dutsen da ke gudu yana iya yi maka kamar ya lafa ko ya tsaya, ka kai yatsa. LED mai araha ma wani yana da wannan cutar.

Tocilar goshi kuwa ta neman abin da ya faɗi ce. Haskenta yana fitowa daga inda idonka yake, don haka inuwar tana ɓuya a bayan tudun da kake nema.

A jikin kwalin ƙwai, kada ka tsaya kan wat kaɗai. LED mai wat 9 yana ba da wajen lumen 800 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske), daidai da tsohon ƙwai mai wat 60, kuma ya ishi fitilar benci. Duba lambar da ke ƙarewa da K, ita ke nuna launin hasken: 2700 rawaya ne, yana sa maɗaci ya yi ja fiye da yadda yake, 6500 kuma fari ne mai ratsin shuɗi. Ni tsakanin 4000 da 5000 nake tsayawa. In ka ga CRI ko Ra 90, wato ma'aunin yadda ƙwai ke nuna launi na gaskiya, ɗauka ko da ya fi tsada, musamman in kana daidaita launin ƙota da jar fatar kube. Mai 80 yana ruɗa launi.

Wanda ke aiki da sola ya nemi ƙwai mai bolt 12 da ke jona batir kai tsaye, ya kuma yi gogen ƙarshe tun batir bai yi sanyi ba. Ta saman rumfa kuwa, mai alamar IP65 ƙura ba ta shiga cikinta, ga garin ƙaho ga na hunturu.

Ranar sayayya ka tafi da ƙotar da ba ka gama ba a aljihu. Ka ce, "Alhaji, don Allah kunna min na gani." Ka juya ta a gefen hasken, sannan ka ɗora kyamarar wayarka a kan ƙwan. In ka ga baƙaƙen layuka suna gudu a fuskar wayar, ƙwan yana ƙiftawa ke nan, ka ce ya kawo wani.