Maƙirgan furosesa a Hyper-V: abin da na gani da na kunna su a sabarmu ta Jidda

Ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin kamfanin hidimar alhazai a nan Jidda. Manhajar da ke raba wa masu Umara ɗakuna da motoci wani ƙanena ne a wurin aiki ya rubuta ta. Tana gudana a kan Linux, shi kuma Linux ɗin baƙo ne a cikin Windows Server 2019 da ke kan sabarmu, wato babbar kwamfutar kamfanin. Hyper-V, manhajar Microsoft da ke ba da damar kunna wata kwamfuta a cikin wata kamar baƙo, shi ne mai masaukinsa. Duk shekara lafiya lau take, amma da Sha'aban ya raba, sunaye suka fara kwararowa daga Kano da Yamai, sai ta soma jan ƙafa. Bara na ƙara mata furosesa daga huɗu zuwa takwas, ba ta canja zani ba. Bana mudir, wato manajanmu, ya kira ni maktab, ofis ɗinsa ke nan, ya ce, "Malam, in sabuwar saba ake bukata ka faɗa mini tun kafin azumi." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni mako guda in gano inda ciwon yake tukuna."

Abin da ke damuna shi ne ma'aunin da kowa ke dubawa ba ya faɗin komai sai dai furosesa ta cika da aiki. Wane irin aiki? Lissafi take yi ko zaman jira? A cikin furosesar Intel akwai wasu ƙananan maƙirga da ke lissafa umarni nawa aka kammala, bugu nawa agogon furosesar ya yi, da sau nawa aka nemi bayani a ma'ajiyar kusa, wato 'yar ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke cikin furosesar, aka rasa. Manhajar perf ta Linux da VTune ta Intel daga nan suke ɗibar labari. To amma mai masauki ba ya nuna wa baƙo waɗannan maƙirga sai an ba shi izini. Shi ya sa da na buga perf stat a cikin Linux ɗin, wurin bugun agogo da wurin umarni duk suka dawo wayam.

Hyper-V ya fara ba da wannan izini ne daga Windows Server 2019 da Windows 10 fitowar 1809. Kada ka wahalar da kanka kana lalube a tagar Hyper-V Manager, ba ya nan. A PowerShell ake yi, wato tagar buga umarni ta Windows, kuma dole baƙon ya kasance a kashe. Na bari sai daren Alhamis bayan Isha, tunda Juma'a da Asabar hutu ne, na dafa shayi na zauna ni kaɗai da ƙarar iyakwandishan. Layi ɗaya ne tak:

Set-VMProcessor Umara -Perfmon 'pmu','lbr','pebs'

Umara sunan baƙon namu ne. Na farkon, pmu, shi ne maƙirgan kansu, kuma sauran ba sa tsayuwa sai da shi. Na biyu, lbr, yana riƙe sawun tsallaken baya-bayan nan da manhaja ta yi daga wani wuri zuwa wani. A furosesa irin Skylake guda 32 yake riƙewa. Na uku, pebs, shi ya fi burge ni, domin yana nuna ainihin umarnin da abin da ake ƙirgawa ya faru a kansa, ba maƙwabcinsa ba. Akwai na huɗu, ipt, mai bin sawun manhaja tun daga tushe, amma yana bukatar fitowar 1903 zuwa sama da furosesar da ta dace, don haka ban taɓa shi ba.

Da na kunna baƙon na sake buga perf stat, lambobi suka fito reras. Wallahi sai da na gyara zama. Furosesar ba ta ko kammala umarni ɗaya a kowane bugu, rashin samun bayani a ma'ajiyar kusa kuwa ya yi sama. Ashe ba aiki ne ya yi mata yawa ba, jiran bayani take yi daga babbar ma'ajiya, wato RAM, kamar direbobin bas takwas a tsaye a bakin filin jirgi alhali ƙofa ɗaya ce ke fito da fasinja. Na bi da perf record, ya kai ni kan wasu 'yan layuka: duk alhajin da za a ba ɗaki, sai manhajar ta bi jerin lambobin fasfo tun daga farko, ɗaya bayan ɗaya. Ranar Lahadi na nuna wa ƙanen nawa allon. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaya, ba ni zuwa gobe." Ya mayar da jerin ya zama jadawali mai makulli, wanda ake zuwa kan lambar fasfo kai tsaye ba sai an bi jeri ba, aikin da a da muke bari mu je La'asar mu dawo ya koma ana gama shi kafin shayi ya huce.

Hukuncina shi ne abin ya yi, kuma ko riyal ɗaya ba a ƙara biya ba. Sai dai ba na kowa da kowa ba ne. Wanda bai saba da perf ko VTune ba lambobi kawai zai gani. Maƙirgan ma ba su da yawa, galibi huɗu na gama-gari da uku tsayayyu ga kowane zare, wato layin aiki guda na furosesa, a tsofaffin furosesa irin tamu, don haka in ka nemi abubuwa da yawa lokaci guda karɓa-karɓa ake yi, sakamakon ya zama kintace. Abin da ya fi muhimmanci kuma, Microsoft da kanta ba ta ba da shawarar a ƙaurar da baƙo mai wannan saiti yana gudana zuwa sabar da furosesarta ta bambanta ba, haka ma adana shi a farfaɗo da shi a can. Mu kuwa sabarmu ta biyu ba sa'ar ta farko ba ce, kuma a goman ƙarshe na Ramadan ba na son abin da zai hana ni ƙaura cikin gaggawa.

Saboda haka na cire saitin daga baƙon da ke aiki da -Perfmon @(), na bar shi a kunne a kan kwafin gwaji. Mudir ya fasa sayen sabar. Manhajar biza ce ta gaba a layi, ita ma na ga take-takenta tun Rajab.