Hattara da mai tallar "garin ƙashin teku" a Damagaram

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Na so in yi shiru da maganar nan don ta shafi cikin gidanmu, amma jiya na sake cin karo da tallar a WhatsApp, wata ƙawata ma ce ta ɗora ta da zuciya ɗaya, shi ya sa na ce bari in faɗa.

Akwai wata mata da ke yawo da farin gari a 'yar roba, tana shiga gidajen biki daga Birni har Zango da Sabon Gari. Cewa take garin ƙashin kifin teku ne daga Dubai, wani lokaci ta kira shi kumfar teku. Wai yana goge tabo, ya kashe ƙuraje, ya haskaka fata cikin kwana 7, kuma ba a sa masa komai ba, yadda Allah ya halicce shi. Roba ɗaya jika 5. Idan kin saya sai ta ɗora miki wani mai a kwalbar da ba suna ba takarda, ta ce kyauta ce, mahaɗi ne, da shi ake kwaɓa garin a shafa safe da dare. To, a wajen man nan gizo ke saƙar.

Ƙanwata ce ta faɗa hannunta, saura wata 3 bikinta, kuma a ɓoye ta saya. Sati biyu sai ga yarinya ta yi fes, kowa na cewa amarya kin sha gyara. Har da ni a masu yabo, Allah ya yafe mini, na ɗauka dilka da lalle ne suka karɓe ta. Kafin wata na biyu ya ƙare fatar kumatunta ta yi siriri, ana hango jijiyoyi ja-ja, ƙananan ƙuraje sun feso a goshi, kyasfi ya bazu a wuya, ga nankarwa a damtse ga yarinyar da ba ta taɓa ciki ba. Rana kuwa ba ta iya shiga, kun dai san ranar garin nan. Da ta tsorata ta daina kwana 3, fuskar ta ɗauki raɗaɗi kamar an watsa mata barkono. Ta kira matar tana kuka, ita kuwa ta ce mata: "Kada ki damu ƙanwata, dattin ne ke fita, ƙaro roba biyu." Sai a ranar ta zo ta ce, "Yaya, na yi ɓarna."

Likitan fata da muka gani ya sa muka kawo kayan duka. Ya ture garin gefe, ya ɗaga kwalbar man, ya ce duk alamun da ke jikinta na kortizon ne mai ƙarfi, irin su kulobetazol, maganin da ake rubuta wa mai ciwon fata na ɗan lokaci ƙayyadadde. Idan aka mai da shi man shafawa na kullum, fata ta yi haske da sauri, sannan ta lalace, kuma wanda ya daɗe yana shafa shi a jiki duka yana iya jawo wa kansa hawan jini da ciwon suga.

Shi ƙashin kansa akwai shi, ba ƙarya ba ne. Na wata dabbar teku ce mai taushin jiki da hannaye 10, wadda ake kamawa a gaɓar Senegal da Muritaniya da wasu wurare. A cikin bayanta akwai wani farin allo marar nauyi mai ƙananan ramuka, da shi take daidaita nutsewa da tasowa a ruwa. Larabawa masu sayar da magani suna ce masa zabadul bahri. A Turai ana rataya wa aku da kanari shi a keji su riƙa tsattsaga, maƙeran azurfa kuma suna sassaƙa shi su zuba narkakken ƙarfe, a da ma har goge haƙora ake da garinsa. Amma sinadarinsa kusan ɗaya ne da na ɓawon ƙwai da dutsen farar ƙasa. Abin da zai yi wa fuska bai wuce kankare ta ba, kamar ki goga lallausan yashi. Launin mutum a can cikin fata ake ƙera shi, gari ba ya kai wa can. Mai ƙuraje ma idan ta dirje su da shi, ƙara tabo za ta yi.

Akwai wani wasa da take yi a gaban mata: ta matsa lemun tsami a kan garin, ya yi kumfa, ta ce kun gani, na asali ne, kumfar teku ke nan. Don Allah ku shiga madafa ku matsa lemun a kan kanwa, ko a kan dakakken ɓawon ƙwai, ku ga ko ba zai yi kumfa ba. Wannan gwajin ba ya nuna daga teku abin ya fito, balle Dubai.

Kwalbar da ba ta da suna kuwa komai na iya shiga cikinta. Masu haɗa man bilicin suna zuba haidurokinon, wanda idan an daɗe ana shafawa yake barin baƙin tabo mai wuyar fita a kumatu, wasu har da zaiba, wadda ke lalata ƙoda kuma take kai wa ga ɗan da ke ciki. Ba banza Kodebuwa ta hana irin waɗannan mayuka a 2015 ba. Ita kuwa matar nan ta san mata sun fara tsoron bilicin, shi ya sa ta ɓoye shi a bayan ƙashin kifi.

Tarko na biyu shi ne wakilci. Tana cewa ki ba da jika 50 a kawo miki katan, ki kawo mata 3 su ma su zuba, ki samu kaso. Maƙwabciyarmu ta cire kuɗin adashinta ta tura, yau wata guda ke nan, ba katan, lambar kuma a kashe.

Wadda ta riga ta fara shafawa, kada ki je ki sayi wani mai a kasuwa wai don gyara. Ɗauki robar da kwalbar ki kai wa likita, ki faɗi gaskiyar tsawon lokacin da kika yi kina shafawa, don wadda ta daɗe a kai, da dabara ake janye mata shi. Wadda aka karɓe wa kuɗi kuma ta adana saƙonnin murya da takardar tura kuɗin ta kai komisariya, maƙwabciyarmu ta riga ta kai nata.

An ɗaura auren ƙanwata, amma da lulluɓi ta yi yinin bikin, har yanzu tana kan magani. Tallar da na gani jiya da sabuwar lamba ce, an canza wa kayan suna zuwa "garin lu'ulu'u", sai dai robar ita ce, kwalbar kyautar ma tana nan a gefen hoton.