LSAT: yaushe ya kamata ka fara gwaji da agogo?

Duk mai neman digirin lauya na JD a Amurka ko Kanada, da wuya ya kauce wa LSAT, jarrabawar shiga makarantar lauya. Wanda ya riga ya gama LLB, digirin farko na lauya, yana neman LLM, digiri na biyu, kuwa galibi ba a tambayarsa ita, kada ya ɓata kuɗinsa. Maki daga 120 ne zuwa 180. Sashe huɗu ne, kowanne minti 35, kuma ɗaya daga ciki ba ya shiga lissafi, ba a kuma gaya maka wanne ne.

Wasu tun makon farko suke zaman cikakken gwaji da agogo. Asarar takardu ce kawai, don kuskuren jiya suke maimaitawa, sai dai da sauri. Wasu kuma sai saura mako biyu suke tuna agogo, su shiga jarrabawa kai ya gaji tun kafin sashe na uku.

Ni dai hanya ta uku nake so. Ka yi cikakken gwaji sau ɗaya a farko, da agogo, don ka san inda ka tsaya. Kada makin ya tayar maka da hankali. Daga nan ajiye agogon. Ka zauna da tambayoyin tantance hujja, wato waɗanda ake ba ka gajeriyar hujja ka auna ta, ɗaya bayan ɗaya, tunda sashe biyu cikin ukun da ake lissafawa nasu ne, har sai ka iya faɗin dalilin da ya sa amsoshi huɗu cikin biyar ɗin da ake ba ka suka faɗi, ɗaya ta tsaya. Idan ka fara cin yawancinsu babu gaggawa, sai ka koma sashe ɗaya cikin minti 35. Cikakken gwaji sai wata biyun ƙarshe, sau ɗaya ko biyu a mako, a kwamfuta, da hutun minti 10 bayan sashe na biyu kamar ranar gaske. Kafin ka duba amsa, sake bin tambayoyin da ka yi shakka a kansu ba tare da agogo ba. In ka ci su a karo na biyu, lokaci ne matsalarka. In ka sake faɗuwa, ba ka gane ba ne, kuma ƙarin gwaji ba zai gyara hakan ba.

Amma duk wannan tsari banza ne idan takardun jabu ne. An taɓa sayar mini da wani tarin "sabbin tambayoyi" a waya, ashe tsofaffi ne da aka yi wa kwaskwarima, wasu amsoshin ma ba daidai ba. Ga wata alama mai sauƙi ta gane jabu: tun Agustan 2024 hukumar LSAC mai shirya jarrabawar ta cire wani sashe na jera mutane da kaya bisa sharuɗɗa. Duk wanda ya miƙo maka kaya da wannan sashe a ciki yana cewa na bana ne, ƙarya yake. Na asali suna LawHub, dandalin hukumar, kaɗan kyauta, sauran da kuɗin shekara.

Masu cewa suna da satar amsa, ko za su zauna maka jarrabawar, ka guje su. LSAC na soke maki, kuma maganar na iya bin ka har makarantun da ka nema. Sau bakwai kacal aka yarda mutum ya zauna ta a rayuwarsa, kada ka ƙona ɗaya a hannun ɗan damfara.