Amfilifayar hedifon: a kunne sai hamdala, a kan lasifika sai takaici

Aikina tace sautin karatun malamai a nan Gusau, kuma hedifon ɗina mai om 250 ne (om shi ne ma'aunin turjiya, wato yadda na'ura ke tare wutar da ke ratsa ta), irin wanda waya da kwamfuta ba sa iya ɗaga muryarsa yadda ya kamata. Shi ya sa na sayi wannan 'yar amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti. Ta wannan fannin ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Har numfashin malam da ƙarar fanka a bayan masallaci ina jin su tangaran, abin da a da sai an watsa karatu nake ganowa.

Amma kafin na biya kuɗi sai da na tambayi mai shagon ko za ta ja ƙananan lasifikoki biyu masu om 8, don ɗalibai su riƙa saurare tare. Ya ce, "Yallaɓai, har taron biki za ta ɗauka." Na haɗa, aka zauna a tabarma ana jira. Murya ta fito siririya. Da na ƙara, sai ta fara karcewa, ƙasan sautin ya kumbura ya danne harufa, ba ka bambance sin da sad. Kafin a gama shafi guda jikinta ya yi zafin da hannu ba ya daɗewa a kai. Wallahi na ji kunyar yaran nan.

Wani mai gyaran rediyo a Tudun Wada ne ya warware mini. Duk lokacin da turjiyar abin da aka jona ta ragu, wutar da yake zuƙa ƙaruwa take. A kan bolt 2, hedifon mai om 250 miliamfa 8 yake ja, lasifika mai om 8 kuwa 250, ya ninka sau talatin da ɗoriya. Ga shi takardar na'urar ta nuna turjiyar mafitarta om 10 ce, alhali ƙa'idar masu sauti ita ce kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar abin da aka jona mata. Tunda om 10 ɗinta ya fi om 8 na lasifika, kenan fiye da rabin ƙarfin a cikinta yake ƙonewa. Kuma om 8 da aka rubuta a bayan lasifika ba tsayayye ba ne, yakan haura sosai wajen sautin ƙasa, shi ya sa nan kaɗai ya yi ta gunji.

Da na yi niyyar yaba mata ba tare da ragi ba, amma idan na tuna amsar mai shagon sai raina ya sake ɓaci. Na koma masa, ya ce wai lasifikokina ne tsofaffi, kuma kaya idan ya fita ba ya dawowa. Dole na ƙara kuɗi na sayi ƙaramar amfilifayar lasifika mai aiki da batirin sola na bolt 12, kuma tsofaffin nan da ya raina su ne ke cika ɗakin karatu yanzu.