Jaridar Hajiya da shagonta na bakin kasuwa, abin da na gani a shekara uku

Assalamu alaikum jama'a. Kwanaki wani ɗan'uwa da ke zaune a Ngaundere ya tambaye ni wai wace jarida ce nake yawan ɗaukar hotonta ina tura musu a WhatsApp, kuma wai da gaske mace ce take fitar da ita ita kaɗai, to yau kasuwa ba ta cika ba na samu sarari, bari in faɗi abin da na sani, mai daɗi da mara daɗi, don shekara uku kenan ina sayen jaridar nan kuma ina shiga shagon.

Garinmu ƙarami ne a arewacin Kamaru, yana kan titin da ya tashi daga Garwa zuwa Marwa, ni kuma hatsi nake sayarwa, masara da dawa da gyaɗa. Shagon Hajiya yana bakin kasuwa, ɗaki ɗaya ne tal, kwamfuta biyu, injin fotokopi, benci guda na masu jira, sai sola a saman rufi saboda matsalar wuta da kowa ya sani. A nan ake buga takardu, a rubuta wa mutum wasiƙar neman aiki ko ta ƙorafi da Faransanci, kuma a nan ɗin dai take haɗa jaridar, shafi takwas sau ɗaya a wata, sefa 200.

Ita a da malamar lakol ce, wato makarantar boko, ta koyar da yara shekaru masu yawa, rabin samarin da ke tuƙa moto a garin nan sun bi ta hannunta shi ya sa har yau wasu Madam suke ce mata. Abin da ta faɗa min da bakinta shi ne, wata yarinya ce mai ƙoƙari a ajinta aka cire ana saura wata biyu jarrabawa, ta bi gidan ta yi magana ba a saurare ta ba, ta ce daga ranar ta gane maganar baki iska ce ke kwashe ta amma abin da aka rubuta yana zama. Tana jin Hausa da Fillanci da Faransanci, kuma wallahi ba ta zama, da safe ka gan ta bayan moto da littafinta za ta asibiti, da azahar tana ƙofar jauro, wato mai unguwa, da yamma tana wurin matan da ke layin famfo tana tambayarsu kwana nawa ruwa bai zo ba.

Wani zai ce ai akwai manyan jaridu. Akwai mana, Cameroon Tribune tun 1974 take fitowa, ga L'Œil du Sahel da ta riƙe labaran arewa kuma ina ganin ƙoƙarinta, amma su nasu manyan lamura ne, sunan gari irin namu ba ya shiga sai mota ta faɗi ko ruwa ya ci gidaje. Ita kuwa Hajiya za ta rubuta maka cewa kwalbatin bayan mayanka ya toshe, ta sa hoto, wata mai zuwa ta sake sa hoton ta rubuta har yanzu ba a gyara ba, wata na uku ma haka, har sai wanda abin ya shafa ya ji kunya. Wannan nacin shi ne abin da na fi so a wurinta, ba ta jefa magana ta wuce.

Shafin da na fara buɗewa kullum na farashin kasuwa ne, buhun masara, albasa, muskuwari, wato dawar rani, in lokacinsa ya yi, tana kiran mutanenta a Pitowa bayan kasuwar Lahadi da Gidar da Figil ta jera kusa da namu. In Sodecoton, kamfanin auduga, ta sanar da kuɗin kilon auduga da na taki tana sa shi da manyan baƙi yadda manomi zai riƙe a aljihu. Haka in hukuma ta ba da sanarwar za a saki ruwan dam ɗin Lagdo ba ta jiran ƙarshen wata, nan take take turawa a waya da Hausa da Fillanci, don duk mai dangi a bakin Binuwai bai manta ambaliyar 2012 ba, ni kaina kawuna ya rasa gonar shinkafa a shekarar.

Amma abin da ya sa nake jin nauyinta maganar akta ce, takardar haihuwa. Ɗan ƙanena ya kai CM2, ajin ƙarshe na firamare, aka ce a kawo akta don rubuta sunansa a jarrabawar CEP ta gama firamare, ashe tun da aka haife shi a gida ba wanda ya je meri, ofishin magajin gari inda ake rajistar haihuwa, kuma in lokacin ya wuce ba a ba ka haka kawai sai ka bi ta kotu an yi maka jujuman, wato hukuncin da zai sa a ba ka aktar. Mun rasa inda za mu fara, uban yaron har ya ce a bar shi ya zo kasuwa ya taya mu awo. Na shiga shagon don fotokopi kawai na yi zancen, sai ta ajiye abin da take yi ta ce min Alhaji zauna, yaron nan ba zai bar lakol saboda takarda ba. Ta jera min abin da za a nema ɗaya bayan ɗaya, takardar likita mai nuna kimanin shekarunsa, shaidu biyu, katin iyaye, ta rubuta takardar roƙon da kanta, kuɗin bugawa kawai ta karɓa. Ranar zuwa kotu ta rufe shago ta raka mu. Bayan nan ta cika shafi guda da bayanin hanyar gaba ɗaya, ta bi jaurori unguwa unguwa aka tattara sunayen yaran da ba su da ita. Yaron yanzu yana lise, wato sakandare, duk sanda ya wuce ta bakin kasuwa sai ya leƙa ya ce Mama ina wuni.

Wasu suna cewa wai tana da tsoro, ba ta taɓa maganar tsaro. Gaskiya ne ba ta rubuta komai a kan wannan sai abin da hukuma ta sanar, kuma ni ban ga laifinta ba. Duk mai sauraron RFI Hausa ya san Ahmed Abba, wakilinsu da aka kama a Marwa a watan Yulin 2015, kotun soja ta yanke masa shekara 10, sai a Disambar 2017 ya fito bayan ɗaukaka ƙara, wannan fa mai babbar kafa a bayansa kenan, to ina ga mace ɗaya mai shago ɗaya da jikoki a gida. Abin da take iya taɓawa, ruwa da lakol da asibiti da auren ƙananan yara, tana taɓa shi ba sassauci, kuma na san an sha zuwa har gida ana ce mata Hajiya ki yi haƙuri ki cire wannan, ba ta cire ba.

To yanzu inda take da gyara. Na farko jaridar ba ta fitowa kan lokaci, ta farkon wata sai ta kai sha biyar, wani lokaci tawada ce ta ƙare sai an aiko daga Garwa, kuma ga mai neman farashi irina labarin da ya kwana sati biyu ya riga ya tsufa. Hotuna kuma in injin ya gaji baƙi ƙirin suke fitowa ba ka gane fuska. Sannan shafi shida Faransanci ne, Hausa da Fillanci suna raba ragowar, alhali matan da take yi wa faɗan yawancinsu ba su jin Faransanci sai yara sun karanta musu, Hausar ma da rubutun Faransa take yin ta, ka ga ou inda ya kamata u, ba ƙugiya a ɗ da ƙ, mai koyon karatu sai ya rikice. Na faɗa mata, ta ce yaron da ke buga mata bai iya sa su a kwamfuta ba, ni ina ganin abu ne na kwana ɗaya a koya masa. Lokacin zaɓe ma ban ji daɗin yadda tallan 'yan siyasa ya cinye kusan rabin shafukan ba, na san da shi take sayen takarda amma ya kamata ta rubuta a sama ƙarara cewa wannan talla ne.

Sau ɗaya ta yi min kuskure, ta tambaye ni kuɗin buhun dawa na faɗa, da ta fito sai ga wani adadi daban da sunan rumfata a jiki, masu saye suka zo suna min gardama kwana biyu, raina ya ɓaci sosai na je na same ta. Ba ta yi musu ba, ta duba littafinta ta ce laifina ne Alhaji, kuma wata mai zuwa a shafin farko ta sa gyaran, ba can ciki inda ba mai gani ba.

Wanda zai je shagon don takarda ya je da safe kafin ƙarfe tara, in ta fita yawon neman labari yaron ne kawai kuma shi fotokopi ya iya, wasiƙa sai ta dawo. Ku tafi da katinku da duk wata tsohuwar takarda ta yaron ko da katin rigakafi ne. Ku da ke nesa kuma tana tura jaridar ta WhatsApp in ka biya ta Orange Money ko MoMo, ni na biya wa ƙanwata da ke Kusiri na shekara guda, ta watan nan ma jiya ta shiga wayarta.